Wasiƙa Zuwa Ga Hantar Yayana

Ya ke Hanta,

Ina yi miki sallama irin ta wanda ya daɗe da sanin sunanki amma bai san halinki ba. A baki dai mu Hausawa ba mu raina ki. In mutum biyu sun shaƙu, mu ce sun zama hanta da jini. In tsoro ya kama mutum, mu ce hantarsa ta kaɗa. Ranar Babbar Sallah kuwa, kafin a gama feɗe rago ke kina kan garwashi, ke ake fara kai wa maigida. Duk da haka sai da na kwana 19 a kan tabarma a barandar asibiti, ina jiran abin da Allah zai yi da Yaya, sannan na fara tambayar me kike yi a cikin mutum, kuma me ke faruwa in an ɗora miki abin da ya fi ƙarfinki.

Bari in fara da takardar nan, don ita ce ta fi tsaya mini a rai. Shekara uku kafin jinyar, wani ciwon gefe ya dami Yaya na kwana biyu, ya je aka yi masa sikanin. A tsakiyar takardar sakamakon akwai layi ɗaya da Turanci, ma'anarsa hanta ta tara kitse. Wanda ya ɗauki hoton ya ce masa, “Ba komai Alhaji, ɗan kitse ne, kowa ma yana da shi. A dai rage maiƙo.” Yaya ya ninke takardar gida huɗu, ya jefa ta durowar shago tare da rasitai. Da ma abin da muke tsoro in an ambaci sunanki shi ne ciwon hantar nan na ƙwayar cuta, wanda binciken ƙasa na 2018 ya nuna yana jikin kusan 8 cikin 100 na manyan Najeriya. An taɓa gwada Yaya, ba shi da shi. To a ganinsa, da ganinmu duka, maganarki ta ƙare.

Mai hoton bai shirga ƙarya gaba ɗaya ba. Ƙididdigar da aka haɗa daga ƙasashe da dama ta nuna kusan mutum 3 cikin 10 na manyan duniya suna ɗauke da hanta mai kitse. Sai dai yawan abu ba ya mai da shi lafiya. Likitoci suna cewa kin kamu ne in kitse ya shiga fiye da 5 cikin 100 na ƙwayoyinki, na'urar sikanin kuwa ba ta cika ganinsa ba sai ya wuce haka da nisa. Wato ranar da aka rubuta layin nan, kin riga kin daɗe da kaya a ka. Mahauta sun san kamanninki a wannan hali. Hantar ragon da ya yi kiwo a daji ja ce mai duhu, tana sheƙi, gefenta siriri. Ta dabbar da aka turke aka yi ta ɗura wa abinci takan fito fari-fari, ta yi ruwan ɗorawa, gefen ya dakushe, in ka yanka wuƙar ta yi maiƙo.

Mu ma turke Yaya muka yi, ba da mugunta ba. Mota ta kai shi bakin shagonsa a kasuwar Kwari da safe, ya zauna a kan kujera ɗaya har la'asar, sai tashi salla. Shayi da suga cokali huɗu, burodi, shinkafa da rana, taliya da dare, lemon kwalba mai sanyi duk sa'ad da zafi ya taso, kuma kowane baƙo ya zo sai an buɗe biyu, ɗaya nasa ɗaya na mai shago. An ce masa ya rage maiƙo, ya kuwa rage: ya daina cin kitsen tsire. Ba wanda ya gaya masa cewa ke da kanki kike juya suga ya koma kitse, musamman irin sugan da ke cikin lemo, wanda yawancinsa wurinki yake zarcewa. Teɓa ta fito, wuya ya yi kauri, mu kuma muna ta cewa, “Alhaji ya yi kyau, hutu ya zauna.” An ce jiki magayi, amma ke ba kya faɗa. Cikin namanki babu jijiyar jin zafi, sai a fatar da ta lulluɓe ki, shi ya sa kike iya shekara goma kina kumbura mai ke yana ta harkarsa.

Daren da abin ya zo, kwana biyu ne bayan Sallah. Wajen ƙarfe ɗaya matarsa ta kira ni. Na same shi durƙushe a kan darduma, ya dafe ƙahon zuciya da hannu biyu, ya sunkuya gaba kamar mai ruku'u, don a haka ne kawai yake samun sa'ida. Ya ce ji yake kamar an soka masa mashi ta gaba ya ɓulla ta baya. Amai yake yi, aman ba ya rage komai. Duk wanda ke ɗakin ya yanke hukunci ɗaya: olsa ce ta tashi, nama ya yi yawa. Muka tashi wani mai kemis, ya ba da farin maganin nan na ruwa da ƙwayoyi da allura. Haka muka ɓata kwana ɗaya da wuni. Ba zan ɗora wa mai kemis laifin shi kaɗai ba, mu ne muka je masa da sunan ciwon a bakinmu.

A asibiti aka ɗebi jini, aka ce wani sinadari mai suna lifes ya haura iyakarsa fiye da ninki uku, wanda in ya haɗu da irin wannan ciwon ciki ya isa a tabbatar da cutar. Maƙwabciyarki ce ta kama da wuta. Likitoci na kiranta fankiriyas. Wasu kan ce saifa, amma saifa daban take, tana can hagu ƙarƙashin haƙarƙari. Wannan wata 'yar doguwar tsoka ce mai laushi, tsawonta wajen santimita 15, kwance a bayan tumbi, nauyinta bai kai ɗaya bisa goma na naki ba. Ita ke yin insulin mai daidaita suga, ita kuma ke zuba wa hanji ruwan da ke narka nama da mai da tsaba, fiye da lita guda a yini. Hikimar halittarta ita ce tana ajiye sinadaran nan a kulle, ba sa farkawa sai sun isa hanji. In wani abu ya sa suka farka tun suna gida, sai su fara narka uwar da ta haife su.

Abin da ya farkar da na Yaya daga ƙarƙashinki ya fito. Matsarmama, jakar da ke maƙale da ke tana tara ruwan ɗacin da kike yi, ta tara tsakuwa. Bututunki da na fankiriyas bakinsu ɗaya a inda suke zuba wa hanji. Wata 'yar tsakuwa da ba ta kai ƙwayar wake ba ta gangaro ta toshe bakin. Tun 1901 wani likita a asibitin Johns Hopkins na Amurka, Eugene Opie, ya ga irin wannan tsakuwa maƙale a wurin a jikin wani mamaci, ya danganta ta da cutar. Har yau tsakuwa da giya su ne manyan musabbabai biyu, sai yawan kitsen jini ya biyo baya. Biyu daga cikin ukun nan kuwa suna da hannunki a ciki in kin yi kitse: ruwan ɗacinki yakan cika da kolestarol har ya dunƙule, kuma kina tura wa jini kitse fiye da yadda zai iya kwashewa.

Da likita ta ga hotonki a sabon sikanin, sai ta ja ni gefe ta ce, “Malam, ka gaya mini gaskiya, yayanka yana shan giya?” Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da ko sigari bai taɓa sa wa a baki ba! Na amsa mata da zafi, ita kuwa ba ta ji haushi ba, ta ce dole ne ta tambaya, don hantar mai shan giya da ta wanda suga da ƙiba suka cika kusan kama ɗaya suke a hoto. Daga baya na gane ba Yaya ne farkon wanda aka yi wa wannan zato ba. Shekaru da dama likitoci a Turai da Amurka suna ɗaukar irin waɗannan majinyata maƙaryata ne masu ɓoye kwalba, sai a 1980 Jurgen Ludwig da abokan aikinsa a asibitin Mayo suka bayyana cutar a jikin mutanen da ba sa sha, suka raɗa mata suna. Sunan ma da giya aka ƙulla shi, wato kitsen hantar da ba na giya ba. Sai a 2023 ƙungiyoyin likitocin hanta suka sauya shi zuwa MASLD, sunan da ke nuni da ainihin tushen: jiki ya kasa sarrafa suga da kitse yadda ya kamata. A ƙasa irin tamu, inda zargin giya kan zubar da mutuncin gida, wannan sauyi ba ƙaramin abu ba ne.

Sai likitar ta faɗi maganar da ta sa nake rubuto miki. Ta ce cikin mutum 10 masu wannan kumburin fankiriyas, wajen 8 sukan tashi cikin mako guda da ƙarin ruwa da maganin zafi. Amma Yaya ba za ta bar shi a ɗakin kowa da kowa ba, za ta sa a riƙa auna shi sa'a-sa'a, saboda teɓarsa da kuma ke.

A lokacin ban ga haɗin ba. Wuta a gidan maƙwabciya, me ya kawo ki? Ashe duk jinin da ya fito daga fankiriyas da hanji ba ya komawa zuciya kai tsaye, sai ya bi ta wata babbar jijiya ya shigo wurinki tukuna. Ke ce zauren gidan. A cikin lungunanki akwai wasu ƙwayoyin tsaro da ake kira da sunan Kupffer, Bajamushen da ya fara bayyana su a 1876, kuma babu inda irinsu suka taru a jiki kamar wurinki. Aikinsu su tare datti da ƙwayoyin cuta, in sun ga haɗari su yi shela. A hantar da ke lafiya, dogaran nan a natse suke, suna yin shela gwargwadon abin da suka gani. A hanta mai kitse kuwa, shekara da shekaru suna cikin ƙaramin kumburi, a tunzure suke tun kafin a taɓa su. Da dafin fankiriyas ya iso, sai su cika jini da sinadaran kumburi, shelar ta wuce zaure ta kai huhu da ƙoda. A gwaje-gwajen da aka yi da ɓeraye, da aka danne waɗannan ƙwayoyi, raunin da ke samun huhu ya ragu. Mafi yawan waɗanda cutar nan ke kashewa a makon farko ba ciwon cikin ne ke kashe su ba, huhu ne ke cika da ruwa, ƙoda ta tsaya, jini ya faɗi.

Ga kuma teɓar kanta. Lifes ɗin da ya tsiyayo daga fankiriyas aikinsa narka mai, in ya sami kitsen ciki jibge a gefensa sai ya hau shi. Abin da ke fitowa daga narkewar guba ne ga jijiyoyi da huhu da ƙoda. Wani ɓangarensa yakan haɗu da kalsiyam na jini ya daskare ya zama ɗigo-ɗigo fari a cikin ciki. Da likitar ta ce mini wannan abu sabulu ne, sabulu na gaske, sai na tuna kakarmu tana haɗa mai da ruwan toka a tukunya tana juyawa. Shi ya sa suke ta auna kalsiyam ɗin Yaya, yana ta sauka.

Ba hasashen likita ɗaya ba ne. An bibiyi majinyata a Sin da Koriya ta Kudu da Kuroshiya, aka riƙa ganin abu ɗaya. A 2020 masu bincike a ƙasar Hangari, ƙungiyar da Péter Hegyi ke jagoranta, suka tattara bincike 13 wuri guda, suka ga cewa mai kitsen hanta in fankiriyas ɗinsa ta kumbura, yiwuwar ciwon ya yi tsanani ta haura ninki biyu, ta mutuwa kuma ta haura ninki uku, ga daɗewa a gadon asibiti. Amma zan yi miki adalci, don ba ke kaɗai kike tafe ba. Inda aka gan ki da kitse, galibi akwai teɓa, akwai ciwon suga ko mafarinsa, akwai hawan jini da kitsen jini, kowannensu kuma yana da nasa kason. Da ƙungiyar nan ta sake bin majinyata fiye da 2,000, sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna kusan 4 cikin 10 suna da kitsen hanta, kuma da aka ware sauran abubuwan, kasonki ya ragu amma bai ɓace ba: har yanzu masu shi sun fi zarcewa daga ciwo mai sauƙi zuwa wanda ya fi shi. Ni a wurina ko da a ce ke shaida ce kawai, ba mai laifi ba, shaidar da aka samu shekara uku kafin gobara ba abar jefawa durowa ba ce.

A rana ta uku numfashin Yaya ya fara sauri, aka sa masa iskar oksijin. Fitsari ya ɗauke. Likitar ta ce akwai ma'aunin da likitocin duniya suka amince da shi, wanda aka fara tsarawa a birnin Atlanta a 1992 aka sabunta a 2012: in wata gaɓa ta gaza amma ta farfaɗo kafin awa 48, ciwon matsakaici ne, in ta wuce haka ya zama mai tsanani, a nan ne kuma ake rasa har kusan mutum ɗaya cikin uku. Ban taɓa sanin zan zauna ina kallon jakar fitsari kamar mai duban wata ba. Tana rataye a ƙafar gado, da layukan awo a jikinta, ɗan abin da ke ciki ja-ja kamar shayin da ya daɗe a wuta. Nas ta zo ta duba ta rubuta, ta tafi, ta dawo, layin bai motsa ba. Hajiyarmu tana bakin ƙofa da carbi, duk wanda ya fito ta ce, “A ƙara masa ruwa mana, ɗan nan.” Likitar ta durƙusa ta ce mata, “Hajiya, ruwan ma in ya yi yawa huhu yake tafiya.” Gaskiya ta faɗa. Wani gwaji da likitocin Sifaniya suka jagoranta, wanda aka buga a 2022, dakatar da shi aka yi tun bai ƙare ba, don kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda aka yi wa ƙarin ruwa da gaggawa ruwan ya yi musu yawa, ba tare da sun fi sauran samun sauƙi ba. Ana kiran assalatu a dare na biyu na ga ɗigo yana bin bututun, wani na bin wani. Kafin hantsi jakar ta kai rabi, launin ya washe. Na fita baranda na yi sujada.

Sauran kwanakin zazzaɓi ne da ruwan da ya taru a gefen fankiriyas, wanda aka bari ya janye da kansa. Abin da ya ba mu mamaki, da aman ya tsaya ba su bar shi da yunwa ba, suka ce a fara ba shi kunu, don hanjin da aka bari babu abinci yakan saki ƙwayoyin cuta su shiga jini. Bayan mako shida aka cire matsarmamar, don tsakuwar da ta gangaro sau ɗaya tana da 'yan'uwa a baya.

Ina da ƙorafi, kuma ba a kanki ba ne. Ina jin ciwon kalmar nan “ba komai”. Da wanda ya ɗauki hoton ya ƙara minti biyu ya ce a je a auna suga da kitsen jini, a auna ƙugu, a dawo bayan shekara, da wataƙila Yaya ya ji. Da ya ce masa duk ranar da ciwon ciki mai ɓullawa baya ya kama ka, kada ka tsaya kemis, ka zo asibiti da takardar nan a hannu, da ba mu ɓata kwana ɗaya da wuni ba. Ina kuma jin ciwon masu yawo da lasifika a kasuwa suna sayar da jarkar “wankin hanta”. Ke ba tukunya ba ce da za a cuɗe ki da toka. Duk abin da aka haɗiya wurinki yake biyowa, kuma jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba suna cikin abubuwan da ke raunata ki. Ana sallamar Yaya masu dubiya suka fara kawo su, kowa da nasa, da kyakkyawar niyya. Matarsa ta karɓa ta yi godiya, ta zubar a bayan gida.

Abin da ya sa ban yanke ƙauna ba shi ne halinki na yafiya. Cikin kayan ciki babu mai sake gina kanta kamar ke. In mutum ya rage 5 cikin 100 na nauyinsa, kitsenki yakan fara janyewa, in ya kai 7 zuwa 10 kumburin ma yakan lafa, har tabon da ya fara yana iya raguwa. Sai dai a hankali, don ramewar gaggawa ita ma tana haifar da tsakuwa ga wanda matsarmamarsa ke nan. A watan Maris na 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da magani na farko na wannan cuta, resmetirom, ga waɗanda hantarsu ta fara tabo, amma kuɗinsa ba na ɗan kasuwar Kwari ba ne. Abin da ke hannunmu shi ne ƙafa da kwano.

Yaya ya shiga asibiti da kilo 98. Yanzu yana sauka daga mota tun daga nesa ya taka zuwa shago, bayan sallar asuba kuma yana zaga unguwa da wani maƙwabcinsa. Firjin shagon ruwa ne a ciki, sai zoɓon da ake dafa masa a gida babu suga, baƙi ma shi ake ba su. Tuwon dawa da miyar kuka sun dawo, wake ya dawo, shinkafar ta koma rabin faranti. Duk wata uku ana auna sugansa, don fankiriyas ɗin da ta taɓa ƙonewa takan gaza yin insulin daga baya. Ranar da ya je ɗaurin aure da tsohuwar rigarsa tana yi masa yawa, wani dattijo ya riƙe hannunsa ya ce, “Alhaji, lafiya kuwa? Ka zube.” Yaya ya ce, “Lafiyar ke nan, Baba.”

Takardar nan na ɗauko ta daga durowa, ninkin ya fara cinye rubutun, na sa ta a leda tare da sabbin. A sikanin na watan jiya an rubuta cewa haskenki ya ragu, kin fara komawa kusa da launin ƙodar da ke gefenki.

Ni ma ɗinkin wandona ya ƙaru sau biyu cikin shekara biyar, kuma uwa ɗaya uba ɗaya muke da Yaya. Na karɓi kati, ranar Talata da safe za a duba 'yar'uwarki da ke cikina. An ce kada in ci komai daga tsakar dare.

Wassalam,
Ƙanin mai ke.